Daren da Kyanwa ta Kama Wata a Tireshbil

Tun da na dawo daga Abijan ban huta da tambaya ba. Matan layinmu, abokan ɗinkina, har waɗanda ba mu cika gaisawa ba, kowacce sai ta tsare ni: "Rakiya, yaya garin yake? Da gaske ne ana hango teku daga kan titi?" Nakan ce gari ne babba, ga ruwa ga tsada, in ja bakina in yi shiru. Ba rowar labari nake yi ba. Labarin ne yake da nauyin faɗa. Yau dai na zauna in faɗe shi gaba ɗaya, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba.

Ƙanena Isiya ne ya rasu a can. Shi ne autanmu, ni na goye shi. Ya bar Katsina tun yana saurayi, ya bi fatake, daga baya ya zauna a Abijan yana fito wa 'yan kasuwa da kaya daga tashar jiragen ruwa. Ya auri wata 'yar ƙabilar Jula ta can, ta haifa masa 'ya mace, ta rasu tun ba a yaye yarinyar ba. Sunan Innarmu ya sa mata, Hauwa'u, amma mutanen can Awa suke kiranta. Kullum cewa yake baɗi zai kawo ta mu gan ta. Sai ga waya wai ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Inna ta tsufa, idonta ya kusa tafiya. Da aka share makoki sai ta ce, "A je a ɗauko mini takwarata. Ba zan rasa ɗa kuma in rasa jika ba." Yaya Lawal, babbanmu, ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya. Ni mijina ya rasu, 'ya'yana sun girma, aka ce mace za a ɗauko, mace ta fi dacewa. Na ɗinka wa yarinyar riga da zane, na auna da ido daga wani hoto da Isiya ya taɓa aiko mana. Inna ta sa aka yi dambun nama aka cika ƙaramin bokiti. Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba, na kama hanya.

Daga Jibiya zuwa Maraɗi ban ji na bar gida ba, Hausa ce ko'ina. A babbar motar Yamai Allah ya haɗa ni da wata Hajiya Mariyama, mutuniyar Dogonduci, mai fataucin turare. Zuwa Abijan a wurinta kamar zuwa kasuwar ƙauye ne. Da ta ji labarina ta yi mini ta'aziyya, ta ɓare goro ta ba ni, sannan ta ce, "'Yar'uwa, daga nan gaba Hausarki za ta dinga ƙarewa kamar ruwan gora. In jandarma ya yi miki magana, ki yi murmushi ki ce wi, wato e da Faransanci. Wi ba ta taɓa kai mutum gidan kaso ba."

Na riƙe wannan. A kan iyakar Burkina wani mai farar riga ya tambaye ni wani abu, na ce wi. Ya sake tambaya yana miƙo hannu, na sake cewa wi. Ashe katin rigakafi yake nema, ni kuwa ba ni da shi. Kafin in ankara an kai ni wata rumfa an danna mini allura a dantse. Hajiya Mariyama ta yi dariya har da hawaye. Hannun ya kumbura, na yi kwanaki ina ɗaura ɗankwali da ƙyar.

A Wagadugu na ga abin da ban taɓa gani ba: mata a kan babur, goyo a baya, tire a ka, suna gudu abinsu ba wanda ya waiwaye su. Mun kwana a tasha a kan kwalaye. Da asuba na tashi alwala na tarar takalmina ɗaya ya yi ƙafa, ko kare ne ya ja ko wani ne ya shura, oho. Hajiya ta zaro mini wani silifas daga jakarta, shi ma mara ɗan'uwa. Haka na shiga Kodebuwa, ƙasar da Abijan take, ƙafa ɗaya baƙin takalmi, ɗaya shuɗi.

A wannan iyakar aka sauke kayanmu kaf. Wani ma'aikaci ya buɗe bokitin dambu, ya sansana, ya ɗanɗana, ya kira abokinsa shi ma ya damƙa. Na so in ce na marainiya ne, amma da wane baki? Daga nan ƙasa ta fara canzawa, itatuwa suka yi duhu, masu talla suka koma doya da ayaba. Ƙafafuna suka kumbura, salloli suka taru a kaina, sai in an tsaya in rama.

Mun sauka a tashar Ajame, cikin Abijan, da hantsi. Ban san yadda zan kwatanta muku hayaniyar ba. Ku ɗauki kasuwar Katsina ranar jajiberen Salla, ku zuba mata motoci. Yaran mota na rataye a ƙofa suna ihu, masu turin kaya na bangaje mutane, ba mai cewa gafara. A nan muka yi sallama da Hajiya Mariyama, ban sake ganinta ba. Wanda ya tarye ni Malam Sule ne, aminin Isiya, mutumin Tawa ta Nijar da ya tsufa a Abijan yana sayar da yadi. Shi ya yi wa Isiya wanka, shi ya sa shi a kabari. Yana ganina ya ce, "Ba sai an gaya mini ba, ga goshin Isiya nan." Sai ya kau da kai.

A gidansa na sauka. Ba gida ba ne irin namu mai zaure da turaka. Tsakar gida ɗaya ce, ɗakuna kewaye, kowane ɗaki da ƙabilarsa, famfo ɗaya, banɗaki sai an bi layi da bokiti. Matarsa, Hajiya Zali, ta gaya wa maƙwabta abin da ya kawo ni, suka dinga zuwa ɗaya bayan ɗaya suna riƙe hannuna suna cewa "yako". Ta ce haka suke jajantawa, ko mutuwa ce ko tuntuɓe. 'Ya'yan Malam kuwa, in na ce "Ina kwananku?" sai su ce "Lafiya lau," daga nan Hausar ta ƙare. Shi kansa Malam ba ya jera magana uku bai tsoma Faransanci ba.

Da rana Hajiya Zali ta tambaye ni ko ina son garba. Na ce wane Garba kuma, ni da na zo ta'aziyya? Matan gidan suka kwashe da dariya. Ashe abinci ne, garin rogo mai ɗan tsami da soyayyen kifi da barkono, wai mutanenmu ne suka fara sayar da shi, sunan ya bi su. Na ci, ba laifi, amma tuwo nake marmari.

Washegari Malam ya kai ni unguwar Tireshbil, inda Isiya ya zauna. Mun bi ta wani babban shataletale da suke kira Endeniye, muka ratsa tsakanin dogayen benaye, muka hau gada. A nan na fara ganin ruwan, da jirage manya kamar unguwa, da ƙarafan ɗaga kaya na tashar. Malam ya nuna da baki ya ce, "Can ya faɗi."

A hanya ya ba ni labarin matar da yarinyar take hannunta. Sunanta Akisi, 'yar ƙabilar Baule ce, Kirista, tana sayar da garin rogo da kifi a bakin titi. Ɗakinta na jikin na Isiya. Ranar da uwar Awa ta rasu, jaririyar na ta tsala kuka, Isiya ya rasa yadda zai yi, sai Akisi ta shigo ta ɗauke ta ta goya. Tun daga ranar ba ta sauke ta ba. Ita ba ta taɓa haihuwa ba.

Mun same ta tana suya. Mace ce gajera, kakkaura, da ɗan gicciye a wuya, hannayenta duk tabon mai. Tana ganinmu ta sauke kasko, ta goge hannu, ta rungume ni. Ta san abin da ya kawo ni. Sai ta yi kira, wata yarinya siririya ta fito daga ɗaki, ba za ta wuce shekara tara ba. Wallahi Isiya ne yana ƙarami, har wushiryar. Na zauna a kan benci. Na ce, "Zo, Hauwa'u, zo wurin Gwaggonki." Ta laɓe a bayan Akisi tana leƙena.

Rigar da na ɗinka ta yi mata kaɗan, hoton ashe tsoho ne. Dambun ta ɗanɗana, ta riƙe a baki ta rasa yadda za ta yi da shi, sai da Akisi ta harare ta sannan ta haɗiye. Hausar da ta iya ba ta wuce abin da ubanta yake ce mata ba: zo nan, ci abinci, sannu.

Muka zauna, Malam na tafinta. Na yi wa Akisi godiya da sunan Inna da dangi duka. Ta saurara har na gama, sannan ta yi magana a hankali, idonta a ƙasa. Malam ya ce, "Cewa ta yi ta san ba ita ta haife ta ba. Ta san wata rana masu ita za su zo. Ba za ta hana ba. Roƙonta ɗaya, kada a cire ta daga makaranta."

Na yi kwanaki ina zuwa kullum, in zauna a gefen kaskonta. Ba ma jin juna, amma ta koya mini ɓare ayabar suya, ni kuma na gyara mata wani zane da ya yage. Na ga abubuwa da idona. Da la'asar Akisi za ta rufe kifinta, ta sa wa Awa hijabi, ta raka ta makarantar allo kusa da babban masallaci, ta dawo. Malam ya ce da azumi ita ke tashin su Isiya sahur. A ɗakinta, ƙarƙashin hoton da take addu'a a gabansa, akwai 'yar dardumar Awa a naɗe.

A hankali yarinyar ta saba da ni. Ta fara kirana "Gogo". Takan zauna kusa da ni ta yi ta zuba surutu da Faransanci, tana nuna mini kyanwar gidan, da takalmin makarantarta, da ƙawayenta. Duk abin da ta ce sai in ce wi, ita kuma ta yi dariya. An gaya mata za ta je ganin kakarta a Nijeriya. Ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata tafiyar ba ta dawowa ba ce.

Zuciyata ta fara rawa. Na karɓi wayar Malam na kira gida, na ce, "Yaya, yarinyar nan fa tana da uwa a nan. Ko a bar ta ta ƙara girma?"

Yaya Lawal ya ce, "Rakiya, kin san abin da kike faɗa? Mu bar jininmu a hannun wadda ba dangin iya ba na baba? In matar ta faɗi ta mutu gobe fa, wa za mu tambaya?"

Ban ce ba shi da gaskiya ba. Sai na ji an karɓi wayar, muryar Inna ce. "Rakiya, kwana nawa ya rage mini? Ki kawo ta in taɓa ta." Daga nan ban ƙara tayar da maganar ba. Malam ya nemo takardun yarinyar, aka sa ranar Asabar.

Ranar Juma'a Akisi ta ce in kwana a wurinta. Tun da rana ake ta maganar wata zai yi zazzaɓi, an faɗa a rediyo, liman ma ya faɗa. Mutane na cewa hadari ba zai bari a gani ba, don garin kullum a lulluɓe yake a wannan lokacin. Amma da magariba sai sama ta yage ta gabas. Muna idar da salla yara suka fara ihu a waje.

A bayan gidan akwai wani bene da ba a gama ginawa ba. Duk gidan muka hau, muna bin matakala mara makari. Daga sama kana ganin garin gaba ɗaya: fitilun gada, motoci na bin juna, benayen tsallaken ruwa, tashar jirage tana haske kamar rana. A gida in wata ya fito shi ne sarki. A nan sai da na neme shi, na same shi can ƙasa tsakanin wata hasumiya da tankin ruwa, an riga an gutsure masa gefe.

Yara suka fito da gwangwanaye da murafen tukwane suna kaɗawa, suna zagaya layi suna waƙa. Na tambayi Malam me suke cewa. Ya ce, "Wai kyanwa ce ta kama wata, suna roƙo ta sake shi." Na ce mu a wurinmu rana ce take kama shi. Na tuna wani zazzaɓin wata muna yara, na goyi Isiya a baya ina bin yaran unguwa, shi yana riƙe da murfin kwano yana buga mini a ƙeya. Ban gaya wa kowa ba, don ba wanda zan gaya wa. Lasifikar masallaci ta kira salla, Malam da sauran maza suka sauka. Aka bar ni da Akisi ba tafinta.

Duhun ya ci gaba da cin watan har ya rage kamar ɓawon farce, sannan shi ma ya tafi. Na zaci zai ɓace ne. Sai ya koma ja, ja mai duhu kamar garwashin da ya kusa mutuwa, ga wani jan tauraro a kusa da shi. Masu kiɗa a ƙasa suka ƙara ƙarfi. Wata mata a benen da ke kallonmu ta durƙusa tana addu'a da yarenta. Motoci kuwa ba su fasa gudu a kan gada ba.

Akisi ta kira Awa, ta zaunar da ita a tsakaninmu. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjin yarinyar, ta yi numfashi da ƙarfi tana kwaikwayon shaƙewa. Na gane, fuka gare ta. Ta ciro abin shaƙa daga ƙugunta, ta nuna mini yadda ake girgizawa, da yadda ake sa wa a baki, da yadda ake zaunar da ita a shafa mata baya. Ta sa na gwada har ta gamsu. Ta nuna gyaɗa a tiren wata yarinya ta kaɗa yatsa, ta sosa fatarta. Ta kwance wa Awa ɗankwali, ta bi da yatsana ta wani tabo a bayan kunne, wurin da ba a ja in ana kitso. Ta haɗa hannu biyu a kunci alamar barci, ta nuna fitila, wato ba ta barci a duhu. Awa na ta dariya, ta ɗauka wasa muke yi.

Sai yarinyar ta juyo ta dube ni, ta yi mini wata magana. Na ji "Tanti" a ciki, sunan da take kiran Akisi ke nan. Idonta na kaina, tana jira. Na yi murmushi na ce, "Wi."

Ta yi tsalle, ta rungume ni, karo na farko ke nan. Ta rungume Akisi. Ta fizgi murfin tukunya ta sauka da gudu wurin yara. Na ji daɗi, na dubi Akisi don mu yi dariya tare. Ba ta dube ni ba. Ta ɗaga kai tana kallon watan, hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba. Na ɗauka kukan rabuwa ne kawai. Na kama hannunta na ce, "Yako." Ta gyaɗa kai.

Mun daɗe a haka. Watan ya ƙi sakuwa har wasu suka gaji suka sauka. Daga baya wani farin haske ya ɓullo a gefensa, unguwa ta ɗauki sowa, yara na ihu kyanwa ta saki. Jim kaɗan hadari ya taso daga teku ya rufe komai.

Da safe muka tafi tashar Ajame. Na yi mamaki da na ga Akisi ta ci ado, ta ɗaura sabon zane, ta riƙo jaka kamar matafiyiya. Awa na riƙe da hannunta tana tsalle. Malam ya yi magana da Akisi, na ga fuskarsa ta canza. Ya ja ni gefe.

"Rakiya, me yarinyar nan ta tambaye ki jiya?"

Na ce ban sani ba.

"Tambayarki ta yi, in kun je Nijeriya, Tanti ma za ta zauna tare da ku? Kika ce mata e."

Na ce, "Innalillahi. Malam, kira ta a gaya mata gaskiya yanzu."

Ya gaya wa Akisi. Ta girgiza kai, ta yi magana gajeriya. Malam ya ce, "Ta ce in an gaya mata yanzu ba za ta shiga mota ba, ita kuma ba ta da ƙarfin da za ta tura ta. Za ta bi ku har garin Tumodi, can ne wajen danginta, sai ta sauka."

Na ce wannan ai yaudara ce. Malam ya ce, "To ke za ki iya ɗaukarta tana ihu a tsakiyar tashar nan?" Na haƙura. Ya yi mana addu'a, ya dafa kan Awa, muka shiga.

Awa ta zauna ta taga, Akisi a gefenta, ni a kujerar tsallake. Yarinyar ta yi ta waƙa, tana nuna wa Akisi shanu da gonakin roba, ta ci soyayyar ayaba ta miƙo mini. Na karɓa na riƙe a hannu. Ba ta yi barcin kirki ba daren jiya don murna, saboda haka rana na ɗagawa ta kwanta a cinyar Akisi, ta damƙe bakin gyalenta.

Da motar ta tsaya a Tumodi, Akisi ta yafito ni. Ta tallafi kan yarinyar, ta zame a hankali, na zauna a wurinta, ta ɗora mini kan a cinya. Gyalen ya ƙi fita daga hannun Awa, sai ta warware shi daga kafaɗarta ta bar mata. Ta tura jakar ƙarƙashin ƙafata. Kayan Awa ne a ciki duka, ba nata ko ɗaya. Ta tsaya tana kallonta, ta kai hannu kamar za ta taɓa ta, ta fasa. Ta sauka. Na hango ta ta taga, ta laɓe a bayan rumfar mai burodi har muka tashi.

Mun wuce Yamusukoro sannan Awa ta farka. Ta ɗago ta gan ni. Ta dubi kujerar tsallake, ta miƙe ta bi motar har baya tana leƙa fuskoki tana kiran Tanti. Wata mata ta riƙe ta ta yi mata bayani da Faransanci, ban san me ta ce ba. Ihun da yarinyar ta yi, direba sai da ya rage gudu. Ta buga taga, ta buge ni, ta cije ni a hannu. Fasinjoji na ta cewa yako, yako. Sai numfashinta ya sarƙe. Na zaunar da ita, na girgiza abin shaƙa, na shafa mata baya yadda aka nuna mini. Da ya lafa ta juya fuskarta ga taga. Daga nan har Jibiya ba ta ƙara ce mini uffan ba. Ruwa ma sai in na ba wani ya miƙa mata take sha.

Mun isa Katsina ana yayyafi. Inna na zaune a ƙofar ɗaki, aka kai mata yarinyar. Ta bi fuskarta da tafin hannu, goshi, hanci, kunnuwa. Ta ce, "Isiya ne. Wallahi Isiya ne." Ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta tun kafin rasuwar. Awa ta tsaya ƙyam, ba ta ture ta ba.

Yanzu tana wurina. Na sa ta makaranta kamar yadda na yi alkawari. Tana kwana da fitila, da gyalen a ƙarƙashin matashi. Ran Lahadi Malam kan kai wa Akisi waya ta kira mu. Da farko Awa ƙin karɓa ta yi, sai mu ji matar na ta kiran sunanta har a kashe. Daga baya ta fara karɓa, ta shiga bayan ɗaki, ba na bin ta. Da Inna suna shiri, takan zauna ta tsince mata shinkafa. Hausa ta fara kama bakinta a wurin yara. Ni dai tsakanina da ita sai to da a'a.

Makon da ya wuce ina yi mata kitso a tsakar gida, tana zaune tsakanin ƙafafuna, sai na ji ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Gwaggo, ranar wata, kin ce za ta zo."

Hannuna ya tsaya. Na ce, "Ban ji abin da kika ce ba, Hauwa'u. Ba na jin Faransanci. Na amsa ne kawai."

Ta dinga murza bakin zanenta.

"Tanti ta ji," in ji ta.

Na ce, "Ta ji."

"Ita ma ba ta gaya mini ba."

Na so in ce mata don tana sonta ne, na ga yarinyar ba wannan take tambaya ba. Na ce, "Ba ta gaya miki ba."

Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Ƙarasa kitson."

Na ɗauki tsinke, amma sai da na jima ban ga tsagar gashin ba, don hawaye.